Kunyoyin Waken Mbah Ngatirah

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 23 ga Yuli, Allah Ya karɓi ran Mbah Ngatirah, wato Kaka Ngatirah a yarenmu, a gidanta da ke ƙauyenmu, kan tsaunin Dieng mai tsananin sanyi, bayan 'yar jinyar ciwon ƙirji. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya muke.

Mbah, daga bakin teku aure ya kawo ni nan, ban san sanyi yana ƙona shuka ba. Ranar da raɓar dafi, mai daskarewa ta zama ƙanƙara a kan ganye, ta fara sauka a lambuna, na ga kabejina ya yi fari fat, sai na koma gaban kaskon wuta da shayina ina jiran rana ta narkar da ita. Kika leƙo ta kan katanga da bokiti a hannu.

"Ke 'yar nan, 'yar bakin ruwa, zaman me kike yi? Rana na taɓa shi ya mutu! Tashi ki wanke ganyen nan, shayin ba zai gudu ba."

Rabin kabejin muka ceto. A ranar na koyi cewa kafin fitowar rana ake zuba wa ganye ruwa. Na kuma koyi cewa faɗanki ya fi lallashin wasu amfani.

Karas, albasa da dankali kina rabarwa ba a roƙe ki ba. Jan waken da kika gada wurin mahaifiyarki ne kawai kike kaffa-kaffa da shi. Kowa ya watsar da shi ya koma noman dankalin sayarwa, ya rage sai kunyoyinki na bayan kicin. Bana kuwa ƙwari sun ci irin da kika ajiye, kika shuka ɗan ragowar gaba ɗaya. Yana cikin fure kika kwanta. A kan gadon ma tambayarki ɗaya ce: "Sama ta washe?" Kin san daren da babu gajimare shi ke kawo raɓar.

Washegarin addu'ar uku raɓar ta sauka. Ɗanki Paryono da baƙi duk gajiya ta kayar da su. Na fito bayan sallar asuba da bokiti, ko da yake na san hannu ɗaya ba zai riga rana ba. Sai na tarar da mutum a cikin kunyoyin, wando a naɗe, yatsu sun ƙage. Pak Sutarman ne, wato Malam Sutarman, wanda kuka yi shekara da shekaru kuna rigimar iyakar gona, wanda kike kira ɓarawon taku biyu.

Na ce, "Pak, gonarka fa?"

"Dankali ana saye a kasuwa," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Wannan fa, a ina? Zuba ta can, kar tsohuwar nan ta tashi ta zage mu."

Gonarsa ta ƙone ƙurmus a safiyar nan. Wakenki ya tsira, Mbah, jiya ya fara fitar da kwanso. Na tsuguna a wurin na yi kukan da ban iya yi ba ranar jana'iza, saboda babu wanda zan kira ta kan katanga ya zo ya gani.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Paryono, da 'yarki Sulastri, da jikoki baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri. Pak Sutarman kuma, Allah Ya mayar masa da abin da ya fi gonarsa. Amin.