Guɗar Mama

Mahaifiyata ce mai guɗar zumuntar mata a cocinmu na gida, shekara da shekaru ba wadda ta ƙwace mata. In waƙa ta yi daɗi sai ta kama hanci ta rangaɗa, har tantabarun kan rufin kwano su watse. A gindin wannan guɗar na koyi waƙa.

Da na samu aikin jinya a Alexandria ta Amurka, na shiga wata ƙungiyar mawaƙa ta Turawa. Sai da suka gwada muryata sau biyu kafin su ɗauke ni. Waƙoƙin ibada muke yi, na Latin da na Jamusanci, kowa da takarda a hannu, ba rawa, ba bugun tulu, a tsaye ƙiƙam. Sau huɗu muke fita waƙa gaban jama'a a shekara. Suna da wata doka da ba a rubuta ba: in waƙa doguwa ce mai kashi-kashi, ba a tafa hannu a tsakani, ko tari ma haɗiye shi ake yi. Ni kaɗai ce 'yar Afirka a cikinsu, kullum ina kaffa-kaffa kada a ce ban iya ba.

Shekarar da nake da cikin fari, Mama ta zo jiran haihuwa, zuwanta ya dace da fitarmu ta kafin Ista. Na gaya mata kayan da za ta sa da inda za ta zauna, amma dokar shirun ban gaya mata ba. Wa ke koya wa uwarsa zaman coci?

Waƙar shan wahalar Almasihu muka yi, aka ba ni 'yan layuka ni kaɗai. Na gama, shugabanmu ya bar hannunsa a sama, cocin ya yi tsit. Sai guɗa ta tashi daga baya. Doguwa, cikakkiya, irin wadda take yi wa amarya. Kawuna suka waiwaya, wani ya yi 'yar dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka yi hutun tsakiya, tsohuwar da ke tsayawa kusa da ni a sahu ta tambaye ni tana murmushi, ba da wata mugunta ba, ko na san mai wannan muryar.

"Ban san ta ba," na ce da Turanci.

Ina juyawa na ga Mama a bayana, riƙe da fulas ɗin ruwan citta da zuma da ta dafa mini saboda maƙogwaro. Shekara ashirin ta yi tana shara a asibitin mishan, wannan ɗan Turancin bai fi ƙarfinta ba. Ta ajiye fulas ɗin a kan tebur, ta dube ni, cikin Turancinta na asibiti ta ce, "Kin yi ƙoƙari, madam." Ta koma kujerarta. Ko a nan rufa mini asiri ta yi. Kuma minti kaɗan kafin haka, da bakina na rera labarin wanda ya yi musun sanin Ubangijinsa.

Muka koma gida a jirgin ƙasa. Ban ba ta haƙuri ba. Na saya mata rigar sanyi da takalmi, ta yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. A fitarmu ta ƙarshe kafin in haihu na roƙe ta ta zo, ta zo. Daga sahu ina hango ta, ta cusa bakin mayafi a baki, haka ta zauna har aka tashi.

Na haifi mace. Ranar suna matan ƙasarmu suka zo daga garuruwan Manassas da Upper Marlboro, falo ya cika. Da fasto ya faɗi sunan, duk suka juya wajen Mama suna jira.

"Mama, ina guɗar?" in ji wata.

Ta gyara wa jaririyar hula, ta ce, "A ƙasar nan ba a yi."

Shekara biyu bayan ta koma gida ta rasu. 'Yata ba ta taɓa jin guɗar kakarta ba, kuma ni na jawo.