Rafi Ya Raba Ku

Kabo manomi ne a Fakuwa, mutum mai taurin kai da ko gishiri ba ya iya roƙa. Da tsufa ya kama mahaifinsu, bai tsaya kafa dutse a kan iyaka ba. Ya nuna rafin da ya ratsa gonarsa, ya ce wa 'ya'yansa biyu, "Rafi ya raba ku." Kabo ne babba, ya zaɓi gabas inda ƙasa ta fi baƙi. Ƙanensa Dalhatu ya tashi da tudun yashi, har ana yi masa dariya.

Tsohon, Allah ya jiƙansa, ya manta rafi yana da ƙafa. Daidai nan yake yin kwana. Ruwan damina ya doki gaɓar Kabo, ya rarake ta ta ƙasa har ta rufta, can ƙasa kaɗan kuma ya lafa ya ajiye laka a gefen Dalhatu. Kabo kan ce rafin ba shi da kunya, shi ya sa yake cin kunyoyin gonarsa. Tun ana dariyar maganar har aka daina.

Ya jera buhunan yashi, ruwa ya kwashe. Ya dasa gamba, ta tafi da saiwarta. Ya sayar da san nomansa aka zubo duwatsu, damina guda ta binne su. Ya kai kuka wurin mai unguwa, aka ce ai da kunnensa ya ji maganar mahaifinsu.

Dalhatu ya ce, "Yaya, mi na yi? Ko taki guda ban matsa ba." Gaskiya ce, kuma ita ta fi ciwo.

Bana abin da ya rage wa Kabo na gona bai kai shimfiɗar tabarma uku ba. Matarsa Haulatu ta kakkaɓe rumbu, yara na kallonta. Ni maƙwabcinsu, wallahi na tausaya masa ranar da ya naɗe wando, ya tsallaka neman ƙwadago wurin ƙanensa. Dalhatu ya kasa haɗa ido da shi, ya nuna masa sabuwar fadamar da rafin ya ajiye masa.

Sara ɗaya Kabo ya yi ya tsaya. Ya damƙi baƙar ƙasar ya murza, ya kai hanci.

"Yaya, lahiya?"

"Ba komi. Gonata ce nika gaisarwa."

Ya sunkuya ya ci gaba da noma.