Amsa Ɗaya Tak Na Koya wa Ɗana

Shekarun baya, lokacin ɗana yana da shekara shida, na kai shi gaisuwar Sallah gidan ogana a Maitama. Oga ya miƙo masa hannu ya ce, "Yaro, ina wuni?" Sai ɗana ya ɗaga kai yana kallon fanka, ya ce, "Yaro, ina wuni?" Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mun riga mun san yana da otizim, abin da wasu ke kira galahanga. Likita ta gaya mana maimaita maganar mutane hanyarsa ce ta koyo, mu bi shi a hankali. Amma ni ɗin nan, mai digiri har biyu, damuwata ɗaya ce: kada a ce ɗana ba shi da tarbiyya.

Sai na buɗe masa aji a cikin mota. Kullum da safe, muna tsaye a cunkoson hanyar Kubwa, in ce, "Ina kwana? Ka ce lafiya lau." "Ya gida? Ka ce lafiya lau." Don in sauƙaƙa wa kaina aiki, kowace tambaya amsarta ɗaya. In ya faɗa daidai, in yi murmushi in miƙa masa biskit. Cikin wata uku ya haddace. A masallaci har cewa ake, "Kai, yaron nan ya warke!" Ni kuwa sai hura hanci nake.

Wata Laraba ya ƙi cin abinci, jikinsa da ɗan zafi, yana ta bubbuga kansa da tafin hannu yana kuka. Matata ta ce mu tafi asibiti. Na durƙusa gabansa na ce, "Me ke damunka?"

"Lafiya lau."

"Akwai inda ke maka ciwo?"

"Lafiya lau, Baba."

Na juya na ce da ita, "Kin dai ji da kunnenki. Rigimarsa ce ta motsa." Muka ba shi maganin zazzaɓi. Haka muka kwana biyar.

Ran Litinin na ɗauko mahaifiyata a tashar Jabi, ta zo daga Zariya. Da ta gan shi ba ta tambaye shi komai ba. Ɗora shi ta yi a cinya, tana dafa cikinsa, ƙirjinsa, wuyansa, idonta a kan fuskarsa. Tana taɓa bayan kunnensa na hagu ya ƙwalla ƙara.

Na ce, "Inna, na tambaye shi fa, ya ce lafiya lau."

Ta dube ni ta ce, "To ka koya masa yadda ake cewa ba lafiya?"

Nan take na ɗauko makullin mota.

A asibiti aka ce ciwon kunne ne, ya riga ya ci cikin kunnen sosai. An yi aiki, an yi magani, Allah ya ba shi sauƙi, amma jin kunnen nan bai dawo ba. Shekara guda muka yi bayan nan muna koyon kalma ɗaya, "ciwo", yana nuna wurin da yatsa. Sannan "a'a", sannan "ban so". Su ya kamata in fara da su.

Yanzu shekararsa goma sha huɗu. Yana gaisuwa tsaf, kuma ranar da ya ce mini, "Baba, yau ba lafiya, ciki," sai da na fita waje na share hawaye. Na yafe wa kaina abubuwa da yawa, amma duk sanda na yi magana ya juyo mini da kunnen dama, kwanakin nan biyar sai sun dawo mini. Yaron bai yi mini ƙarya ba. Yana cikin azaba, yana ta ba ni amsar da ya san tana sa ni murmushi.