Kaset ɗin Kawu

Kawuna malamin jami'a ne, ko in ce ya taɓa zama. Ilimin itatuwa yake koyarwa. In ya zo hutu Birnin Gwari ya fara bayanin maɗaci, tuwo kan huce, ya sandare, har a iya jifan kare da shi.

Rabin abin da ya sani a bakin wani tsohon maharbi na ƙauyen Gwaska ya samo shi. Tsohon ya yi shekaru yana zagayawa da shi cikin daji, bisa sharaɗi ɗaya: sassaƙen magani da inda itacensa yake, ba a faɗa wa mutum sai an ga fuskarsa an yarda da shi. Don haka ko a aji, sai Kawu ya yi wata uku yana ƙare wa ɗalibai kallo kafin ya kai wannan darasi.

Sai jami'a ta fito da doka, wai kowace lacca a ɗauke ta a rikoda. Aka raba wa malamai takarda. Kawu ya sa hannu bai karanta ba, shi da ke karanta har takardar ƙunshin ƙosai. Bayan shekara biyu aka rage ma'aikata, ya dawo gida da akwati ɗaya.

Wata ranar kasuwa wani ɗalibi ɗan Kusasu ya shigo gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ai har yanzu kai kake koyar da mu. Masinja ke ɗora rikodar a kan tebur. In ka yi tari, duk aji mu ce sannu."

Na yi dariya har na ture buta. Kawu ko murmushi.

"Har da darasin sassaƙe?"

"Har shi. Wasu ma sun kwafa."

Washegari Kawu ya hau motar katako zuwa jami'a. Kwana huɗu ya yi yana zaman benci a ƙofar ofis. Daga ƙarshe magatakarda ya shimfiɗa masa takardar nan, ga sa hannunsa ɓaro-ɓaro. Ya ce muryar ta Kawu ce, ba wanda ya musa, amma kaset na jami'a ne.

"To ku zare mini muryata, ku riƙe kaset ɗinku," in ji Kawu.

Aka yi masa rakiya har bakin ƙofa.

Da ƙafa ya tafi Gwaska ya faɗa wa tsohon da bakinsa. Da ya dawo, mahaifiyata ta tsare shi da tambaya, ni kuma ina tsinkar zogale da kunnuwa kamar na zomo. Ya ce tsohon tambaya ɗaya ya yi masa: "Akwatin nan, yana ganin fuskar wanda yake faɗa wa?"

"A'a, Baba."

Sai tsohon ya rataya bindigarsa ya shiga daji, bai ce ya biyo shi ba.

Da kaka ta yi, wasu baƙi suka zo da a-kori-kura. Suka sassaƙe itatuwan bakin rafi tun daga gindi har inda hannu ya kai. Ba su tambayi kowa hanya ba.