Ranar da Na Ƙi Buɗe wa Tumaki Ƙofa

Har gobe ba na mantawa da safiyar da Alhaji Garba ya iso garke da gingimari a bayansa, ya tarar da tumakinsa a kulle suna kuka, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa na ƙi buɗewa. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun tarar da tsarin da muke bi, kuna tsammanin da shi aka fara. Ba da shi aka fara ba. Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci hannuna ya saba da alƙalami, na ce bari in rubuta muku yadda aka yi.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare, mutanenmu suka riƙa dawowa Inugu kaɗan-kaɗan. Alhaji Garba yana cikin na farko. Dama can dillalin raguna ne. Ba a daɗe ba kuɗin mai suka fara zuba, Fatakwal ta cika da ma'aikata, kowa yana neman nama. Amma kafin rago ya iso daga Arewa a mota ya rame, wani ma a hanya yake mutuwa. Sai Alhaji ya ce me zai hana a haife su a nan. Ya roƙi fili wurin dattawan wani ƙauye a bayan Abakpa Nike, ya sa aka sauke masa tumaki mata, balami da uda da 'yan ƙasa.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Alhaji ne mai garke, amma yawanci yana kasuwa, yau Anacha gobe Fatakwal. Wanda ke riƙe da garken shi ne sarkin kiwo. Shi ke faɗin lokacin fita da na dawowa, da wurin da za a kai dabbobi. A lokacin Baba Manu ne, wani dattijon Bafillace wanda ya yi furfura a bayan tumaki. Ƙarƙashinsa sai mu makiyaya, kowa da kashinsa: mai raguna, mai tumakin da ba su da 'ya'ya, sai masu jego, wato waɗanda suka haihu suna shayarwa. Masu jegon kashi biyu aka yi. Baba ya riƙe manyan balami, waɗanda shi da kansa ya zaɓo daga gida. Sauran aka ba ni. Ni asalinmu Barebari ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Ranar da aka ba ni su cewa Baba ya yi, "Ku bar wa Babarbare masu jego. Shi ba ya sauri, su ba sa sauri, sai su yi ta zaman jego tare."

Daminar farko ta yi mana ɓarna. 'Ya'yan tumaki suka riƙa zawo suna ramewa, iyayen kuma kofatonsu ya riƙa ruɓewa. Mun binne da yawa. Alhaji ya ce mana a fili, in aka sake haka baɗi, zai sayar da matan duka ga mahauta, ya koma ɗauko raguna a mota. Ma'anar wannan ita ce garke ya tashi, kowa ya kama gabansa. Ni a lokacin na riga na ɗauko iyalina daga gida.

Kuskurenmu kuwa irin na mutumin Arewa ne. A gida bazara lokacin yunwar dabba ne. Harawa ta ƙare, daji ya bushe, tunkiya tana lasar ƙasa. In ruwan farko ya sauka ciyawa ta tsiro, makiyayin kirki yana sallame asuba yake kora, don ya riga wani. Wanda ya bari rana ta fito masa a gida, malalaci ne. Da wannan muka tashi, da shi muka zo. Nan kuwa ruwa yana sauka tun a gida ana fama da zafin bazara, ciyawa ta tashi shar cikin 'yan kwanaki. Muka ga abin kamar kyauta daga sama.

Shekara ta biyu ruwa ya sauka daidai lokacin da haihuwa ta kankama. Ba a jima ba zawo ya dawo.

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙauyen, Mama Ngozi, mai suyar garin rogo. Nakan je wurinta karɓar ɓawon rogo, mu shanya ya bushe sarai mu haɗa da dusa. Kafin yaƙi ta daɗe a Gusau, mijinta yana aikin jirgin ƙasa, don haka Hausarta tas. Tana da 'yan tumakinta irin na nan, gajeru, ban taɓa ganin ɗaya da ƙazamin gindi ba.

"Malam Sale, naku sun fara mutuwa kuma?" in ji ta.

"Sun fara, Mama."

"Ina jin ku tun da duhu kuna kora su. Nakan ce, mutanen nan saurin me suke yi? Ciyawar gudu za ta yi?"

Na ce ai haka ake kiwo. Ta ajiye abin juya garin ta dube ni.

"Haka ake yi a Gusau. Can kafin ka gama shan kunu raɓa ta bushe. Tamu tana nan har hantsi. Uwata ta ce tsutsar ciki da raɓa take hawa kan ciyawa, in rana ta yi zafi ta sauka ƙasa. Ni ban taɓa ganinta da ido ba, amma ban taɓa sakin nawa da jiƙaƙƙiyar ciyawa ba. Zo ka ga inda suke kwana."

Ta kai ni bayan ɗaki. Dakali ne na gora, an ɗaga shi daga ƙasa, da 'yan ramuka tsakanin gorar, kashi da fitsari suna zuba ƙasa. Namu kuwa cikin taɓo suke kwana.

Da yamma na gaya wa Baba Manu. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Yau na ga ikon Allah! Babarbare ya shiga makarantar kiwo wurin mai suyar gari."

"Baba, nata ba sa mutuwa."

"Waɗancan guntayen? Ai ko mutuwa ta zo ba ta hango su cikin ciyawa." Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya ce, "Kashinka naka ne. Yi yadda ka ga dama. Amma in suka mutu, kai za ka tsaya gaban Alhaji, ba ni ba."

Na ce na yarda.

Aikin ba kaɗan ba ne. Na saro gora a bakin rafi, na ɗaura dakali, na yi masa rumfa da ganyen kwakwar manja. Kullum da la'asar in yanko ciyawa in baza ƙarƙashin rumfa ta sha iska, da safe in zuba musu da dusa da 'yar kanwa, su riƙe ciki kafin raɓa ta bushe. Sababbin haihuwa ba na fita da su sam, a kan dakali suke jiran iyayensu. Wurin da muka yi kiwo yau ba na komawa sai ya huta. Kofato kuwa in bi ɗaya bayan ɗaya, in yanke wanda ya yi tsawo, in wanke.

Abin da ya fi wuya shi ne kuka. Da zarar sun ga na Baba sun fita da asuba, sai nawa su dasa kuka har hantsi. Limamin masallacinmu ma sai da ya ce mini, "Sale, tumakinka za su ƙwace wa ladan aiki." Abokan aiki suka sa mini suna Makiyayin Hantsi. Ni ma akwai safiyar da hannuna ya kai kan sakata, na tuna, na janye.

Duk wannan Alhaji bai sani ba, yana Fatakwal. Labarin da direbobi suka kai masa shi ne 'ya'yan tumaki suna mutuwa kamar bara. Bai yi wata-wata ba ya ƙulla ciniki da wani mai kai nama wurin cin abincin ma'aikatan mai, suka taho da gingimari.

Rana ta ɗan ɗaga sa'ad da suka iso. Ya fito daga sabuwar motarsa cikin farar shadda, ko amsa gaisuwata bai gama yi ba.

"Sale, mene ne wannan? Rana ta fito, dabbobina suna kuka da yunwa, kai kana tsaye? Ashe shi ya sa suke mutuwa! Buɗe ƙofar nan."

"Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri kaɗan."

"Na ce ka buɗe."

Ban taɓa yi wa Alhaji musu ba. Shi ya biya mini kuɗin mota na zo garin nan. Amma ban matsa daga ƙofar ba. Na ce, "Alhaji, tumakinka ne, in ka ce a loda su ni zan fara ɗagawa. Amma don Allah ka taka ciyawar nan tukuna."

Ya dube ni kamar na haukace. Sai ya shiga ciyawar a fusace, ya yi taku kaɗan ya dawo. Bakin rigarsa ya jiƙe sharkaf, takalminsa yana ɗiga. Na gaya masa abin da tsohuwar ta ce, ban ƙara ban rage ba. Sannan na roƙe shi ya shigo ya ɗaga jelar duk ɗan tunkiyar da ya ga dama.

Alhaji dillali ne, ba a nuna masa dabba. Ya naɗe hannun riga ya hau dakalin. Ya kama wannan ya ɗaga jela, ya buɗe ido ya duba, ya matsa ƙugu. Ya kama wani. Ya ɗaga ƙafar wata uwa ya sansana kofato.

Ana haka Baba Manu ya dawo da nasa, don ya ji ƙarar gingimari. Ba sai an ɗaga jelar kowa ba. Daga nesa ana ganin ƙazamin gindi, wasu iyayen suna ɗingishi, wasu kuma nono ya cika ba mai sha.

Baƙon Fatakwal ya gaji da tsayuwa. Ya buga agogonsa ya ce, "Alhaji, time dey go o," wato lokaci yana tafiya.

Alhaji ya sauko yana share hannu. Ya ce, "Na gani, Sale. Amma na riga na ba mutumin nan baki cewa zan cika masa mota. Ban taɓa sayar da abu in ce na fasa ba."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma a wannan kasuwa mutum ba shi da jarin da ya wuce bakinsa. Baba Manu ne ya gyara sandarsa ya matso.

"Alhaji, mota ka yi alkawari, ba ka ce tunkiya wance ba. A fara da marasa 'ya'ya. In ba ta cika ba, a ƙara da nawa waɗanda 'ya'yansu suka mutu. Na Sale kada a taɓa ko ɗaya."

"Baba, balaminka fa? Waɗanda ka zaɓo da hannunka?"

"Su. Ni na kora su cikin raɓa."

Alhaji ya ce a yi haka. Baba bai bar kowa ya kama masa su ba. Shi ya riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowace da sunanta, yana shafa wuyanta kafin a ɗaga. Duk muka kawar da kai. Da gingimari ta tashi, Alhaji ya ce garke yana nan, kuma daga ranar ba mai fita sai raɓa ta bushe. Kafin ya tafi sai da ya sa na raka shi ya gai da Mama Ngozi, ya ce ɗiyar tunkiyar farko da aka yaye tata ce.

Da na dawo na tarar da Baba zaune a bakin dakalina, yana ƙwanƙwasa gorar da sanda. Sai na tsuguna na ce, "Sannu, Baba."

"Kai Babarbare, kada ka cika ni da sannu. Ina ake saro gorar nan?"

Washegari tare muka je rafi. Yana sara yana zagina, wai ban iya ɗaurin igiya ba. Gaskiyarsa ne kuwa, dakalin da ya ɗaura ya fi nawa ƙarfi nesa. Sauran 'ya'yan da suka rage masa yawancinsu sun tashi, kuma da Babbar Sallar da ta zagayo mun kai raguna haifaffun Abakpa kasuwa. Na tsaya a gefe ina jin masu saye suna tambaya daga wane gari aka kawo su.

Abin da na koya shi ne, kowace ƙasa da irin kiwonta, kuma masu ƙasar sun riga ka saninta ko da tumakinsu guntaye ne. Ku riƙa tambaya, ba a rage wa mutum daraja don ya tambaya. Ina alfahari da tsayuwar da na yi a bakin ƙofar nan, ba zan ɓoye ba. Amma ni tsayuwa kawai na yi. Wanda ya ceci garken nan shi ne dattijon da ya yi shekara da shekaru a kan hanya ɗaya, ya gane a gaban na ƙasa da shi cewa ba ta ɓulle ba, ya kuma biya da tumakin da ya fi so. In wata rana wani a cikinku ya zama sarkin kiwo, wannan ne aikin. Kora tumaki kowa ya iya.