Akuyata a Bakin Fadama

Damina ta wuce, amma har yau in na ga igiya a yashe a tsakar gida sai in kauce mata.

Ƙauyenmu yana bayan ganuwar Haɗeja, inda kogi ke malala in ya cika. Bana da ruwa ya shanye gonakin shinkafa, agwagi suka riƙa ɓacewa, aka ce mesa ce. Baffana, ƙanen mahaifina, ya tara maza a zaure, suka raba ta tun tana cikin ciyawa. Kitsen na Baffa ne saboda ciwon gwiwarsa. Fatar ta Yaya ce, zai kai wa dukawa a birni. Kan kuwa na wani gardi ne da ya sauka gidanmu, wanda ya ce macizai na gaishe shi in sun haɗu a hanya. Har an yi cacar baki a kan wutsiya.

Abin da ya rage shi ne abin da zai jawo mesar. Duk awakin da maza suka mallaka sai aka ce masu ciki ne, har da bunsurun Baffa na ji an so a saka a lissafin. Aka dawo kan akuyata, wadda Inna ta ba ni ranar da na sauke Alƙur'ani.

"Aro ne kawai, 'yata," in ji Baffa. "Kafin ta buɗe baki mun gama da ita."

"Wa zai buɗe bakin, Baffa, mesar ko akuyar?"

"Ji min yarinya! Karatun nan ya sa miki tsaurin ido."

Akuyar ta turje, ta ƙi bin kowa sai ni. Haka na fita bayan isha'i riƙe da igiya, su kuma kowa da mashinsa, ga jiniyar ciyawa tana ci da wuta bal-bal. Kwaɗi sun cika duniya da kuka. Duk inda aka haska sai idanu: ƙanana a kan ganye, wasu jajaye can tsakiyar ruwa, waɗanda gardi ya ce kada ne, amma kada mai kunya. Wani kunkuru ya motsa, Yaya ya soke shi da mashi, mashin ya lanƙwashe.

Aka ɗaure akuyar a gindin bishiyar giyayya, maza suka laɓe. Ita kuwa ganina kusa, sai ta kwanta tana tuƙa.

"Ba ta kuka," in ji gardi. "Mesa ba ta zuwa sai an kira ta."

"Ke ce kika hana ta," Yaya ya ce da ni. "Matsa can inda ba za ta gan ki ba."

Suka tura ni cikin dogayen ciyayi, ni kaɗai, babu wuta. Akuyar ta fara kuka kuwa. Ina tsaye cikin taɓo har idon sawu, sai na ji wani abu mai sanyi da nauyi ya hau kan ƙafata. Ya yi ta wucewa. Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci, na kai ƙarshe, bai gama wucewa ba. Mesar ce, tsakiyarta a kumbure take, ta riga ta ƙoshi da agwagwar wani.

A daidai nan wani tsari, ɗan'uwan damo, ya faɗo daga giyayyar cikin ruwa, tsulum! Jiniya ta mutu. Na ji gudu, na ji Baffa mai ciwon gwiwa yana cewa a ba shi hanya. Da lalube na kwance akuyata, ita ta ja ni har gida.

Da safe na faɗa musu mesar ta bi ta kan ƙafata. Gardi ya yi murmushi ya ce ai ita ce ta faɗo musu daga bishiya, mesa ɗaya ba ta zama wuri biyu, ni dai saiwa na taka. Baffa ya ce tun da Allah ya tserar da maza daga irin wannan bala'i, dole a yi sadaka ta godiya, kuma babu dabbar da ta fi dacewa kamar wadda ta ga abin da idonta. Na yi kuka, Inna ta shiga tsakani, aka ce mata ana maganar Allah.

Kafin azahar an feɗe ta. Ni aka ba wankin kayan ciki.