Baba Lado, Maginin da Ya Ƙi Haƙa Tushe

Duk mai bin hanyar kududdufi da safe a Paki ya san Baba Lado magini. Da ya idar da sallar asuba ya sha kokonsa, sai ya ɗauki sanda ya nufi inda ake ɗebo ƙasar gini. Can zai tsuguna ya damƙi ƙasa, ya murza ta a tafin hannu, ya shinshina, wata rana har ya ɗanɗana. In ta yi masa, ya ce a kwaɓa. In ba ta yi ba, ko mai ginin zai yi kuka ba za a kwaɓa ba. Shekara arba'in da 'yan kai yana haka. Bana gwiwoyinsa sun gaza, ya daina hawa katanga, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ni ne Inuwa, malamin asibitin garin nan. Kada a ɗauka don mun saba shiri nake yabonsa. Dattijo ne mai taurin kai, ba ya son a gaggauta shi, kuma ni kaina na taɓa yin kwana uku ina jin haushinsa.

Tsohon ɗakin shan maganinmu na bulo ne da rufin kwano. Da bazara, daga hantsi zuwa la'asar, ko ni mai lafiya ba na iya zama a ciki. Kuma bazara ita ce lokacin sanƙarau. Yaron da ya kamu sai ya kwanta kwanaki ana yi masa allura, amma uwa ba ta iya kallon ɗanta yana narkewa da gumi, sai ta goya abinta ta koma gida tun magani bai ƙare ba. A shekarar da aka samu mulkin kai, yara uku aka ɗauke mini haka, babu wanda ya rayu. Har yau abin yana ci mini rai.

Bayan shekara biyu aka yarda a gina mana sabo mai ɗakin kwanciya. Samari biyu suka zo daga birni: Malam Ashafa mai zanen gini, da Injiniya Uwaisu. Mota ɗaya ta kawo su, amma aikinsu bai taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Ashafa ya zana a ofishinsa ya aika, Uwaisu ya duba ƙarfe da siminti a nasa ya mayar. Zanen kuwa ya yi kyau, ba ƙarya: manyan tagogin gilas suna kallon hanya, don masu wucewa su ga mu ma mun ci gaba. Hanyar tana yamma.

Aka ba Baba Lado aikin. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya tambayi ina fuskar ginin take. Da aka nuna masa, sai ya ajiye ta, ya kafa sandarsa a tsakiyar filin, ya sami dutse ya zauna. Haka yake yi kafin kowane gini: ya wuni yana kallon inda inuwar sandar take faɗuwa da inda iska take fitowa. Kwana uku bai taɓa ƙasa ba. Injiniya Uwaisu ya ce in Juma'a ta yi ba a fara haƙa tushe ba, zai kawo wani magini daga birni.

Na same shi a filin, raina a ɓace. Na ce, "Baba, don girman Allah ka haƙa. Shekara nawa muna roƙon ginin nan."

Ya ce, "Malam Inuwa, jinya za ka yi a ciki ko tuya? Rana za ta shiga ta gilas ɗin nan tun azahar, rufin kwano kuma yana gasa majinyata ta sama. In na gina shi haka, matan nan za su ci gaba da goya 'ya'yansu suna tafiya. Gara a kawo wani."

Ranar Alhamis da hantsi ya tare Bilki, Bafulatanar da ke kawo nono kasuwa, ya karɓi curin man shanu ya raba biyu. Rabi ya sa a ƙwarya ya ajiye a ɗakin maganina, rabi ya kai zauren gidansa, wanda ya gina da tubalin ƙasa tun kafin a haifi samarin nan. Bayan azahar ya roƙi Ashafa da Uwaisu su biyo shi su duba. Na ɗakina ya zama ruwa yana yawo a gindin ƙwarya. Na zauren yana nan da shatin yatsun Bilki a jikinsa. Ya shimfiɗa tabarma a zauren ya ce su zauna su huta.

Uwaisu ne ya fara magana. "Baba, na gani. Amma ƙasa ba ta jure damina. Ba zan sa hannu a ginin da ruwa zai cinye gindinsa ba."

"Gaskiyarka, Injiniya," in ji Baba Lado. "Nan ne ta fi ƙarfina. Duk shekara gindin katanga nake gyarawa. Kai da ka yi karatun, me ka sani?"

Ban taɓa zaton zan ji Baba Lado ya tambayi yaro sa'an ɗansa ba. Uwaisu ya ce a yi tushen dutse da siminti har gwiwa, sannan ƙasa ta hau kai. Ashafa, wanda tun ɗazu yake kallon rufin zauren, ya sunkuya ya fara zane a ƙasa da tsinke. Ya juya ginin, manyan tagogi suka koma kudu da arewa, gabas da yamma aka bar 'yan ƙanana can sama. Ya ce a yi rufin azara da ƙasa irin na zauren, a ɗora kwano a bisa da tazara don iska ta ratsa, a kuma zazzago da bakinsa ya kare bango daga ruwa. Sai ya ɗago ya ce, "Uwaisu, bangon zai ɗauki wannan nauyi?" Uwaisu ya matso ya karɓi tsinken. Har aka kira la'asar suna tsugune su uku, kowa yana goge layin ɗan'uwansa. Ranar Juma'a da safe Baba Lado ya fara haƙa.

Bazarar da ta biyo bayan gama ginin, sanƙarau ya dawo. Ba zan ce kowa ya tashi ba, rai na Allah ne. Amma ba a ɗauke mini yaro ko ɗaya ba kafin allurarsa ta cika. Mairo daga Saulawa ta yi mako guda da 'yarta. Ranar da na sallame su ta ce, "Malam, ko za a bar mu mu ƙara kwana biyu? Nan ya fi ɗakina sanyi." Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Baba Lado, gwanin tubali, kai ne ka yarda a karɓe aiki daga hannunka da dai ka gina abin da ka san zai cuci mutane. Kai ne kuma ka faɗi inda saninka ya tsaya, a gaban yara, ba ka ji kunya ba. Ashafa da Uwaisu sun gina makarantu a wajen Kudan da Makarfi bayan haka, an ce har yanzu tare suke zuwa duba fili.

Makon jiya ya zo karɓar maganin gwiwa. Ya bi layi a baranda kamar kowa, mutanen da ke gefensa ba su san shi ya gina inuwar da suke zaune a ciki ba. Da ya shigo, kafin in tambaye shi jiki, ya shafa bango ya ce mini kusurwar arewa tana son yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Ku kuma masu zane da injiniyoyi da magina da ƙasar nan take yayewa yanzu, kafin ku kafa turke ku je filin tare, ku zauna a cikinsa da tsakar rana, ku tambayi juna. Akwai uwar da za ta kwantar da ɗanta a ɗakin da kuka gina, kuma zafinsa ko sanyinsa ne zai sa ta zauna ko ta tafi.